Baba Ya Ranta Maka Kuɗin Gida? To, A Rubuta

Da yawa daga cikinmu, in mun kammala karatu muka samu aiki, gidanmu na farko da taimakon iyaye za mu saye shi. Baba ya sayar da gona ko ya taɓa kuɗin sallamarsa, ya ce, "Ungo ka cika, ka riƙa biyana a hankali." Ina so mu duba yadda ake tsare irin wannan kuɗi.

Abu na farko, a fayyace: bashi ne ko kyauta? A nan rigima take ɓuya. Idan Baba ya rasu, abin da ya rage a kanka ya shiga dukiyar gado, 'yan uwanka suna da haƙƙi a ciki. Kai ka ce kyauta ce, su su ce rance ne, ga shi mai maganar ba ya nan. Idan kuma kai ka riga shi, sai an biya bashi kafin a raba gadonka. In babu shaida, matarka da 'ya'yanka za su ga kamar tsoho ya zo ƙwace musu gida ne.

Na biyu, takarda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, don haka kada wani ya ce maka rashin yarda ne. A sa adadin kuɗin, da ranar karɓa, da yadda za a biya. Misali, naira miliyan 5, a dubu 100 duk wata, wata 50 ke nan. Ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. Ni a ganina a samu shaida ɗaya wanda ba shi da gado a gidan.

Na uku, biya ta banki. Kuɗin da ka miƙa a zaure ba ya barin sawu. Tura ta asusu, ka rubuta "biyan bashin gida".

Na huɗu, jingina. Mafi sauƙi shi ne takardun gidan su zauna a hannun Baba har a gama biya, yadda ba za a kai su banki a ci wani bashin ba. In ana son jingina ta hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce fili mai takardar mallaka ta jiha sai da amincewar gwamna, don haka a nemi lauya.

Wani zai ce, "Haba, ni da mahaifina?" Ai ba don ku biyu ake rubutawa ba. Don ƙannenka da matarka ne, su ci gaba da gaisawa bayan ba ku.