Nasiha ga Ɗana Mai Ɗaukar Hoton Namun Daji

Ɗana, an ce ka sayi kyamara, har kana shirin kama hanyar Bauchi daga nan Tumfure, ka ratse a Dindima ka shiga Yankari. Allah Ya sa albarka. Amma zauna tukuna ka ji.

Tun 1956 aka keɓe dajin nan, aka buɗe wa baƙi a 1962, kuma giwayen da ke cikinsa suna daga cikin 'yan garkunan da suka rage wa Nijeriya bayan ɓarnar masu farautar haure. Hotonka shaida ne cewa suna nan da rai. Wanda bai taɓa ganin gwanki ko ɓauna ba, ta hannunka zai gani, kuma mutum ba ya kishin abin da bai sani ba.

Sai dai shaidar ba ta da daraja in da cuta aka samo ta. Da rani dabbobi kan taru a kogin Gaji, ƙishirwa ce ta kawo su, ba kai ba. Kada ka matsa wa direba ya shiga tsakanin giwa da ɗanta, kada ka sauka daga mota sai da izinin jagora. Ban da jifa don dabba ta ɗago kai. Birran Wikki da ke cikin dajin kuwa, baƙi ne suka saba musu da abinci har suka koyi ƙwace. Kar ka ƙara.

Abin da ya fi damuna ma yana kusa da gida. In ka ba yaro kuɗi ya kamo maka tsuntsu ko bushiya don hoto, ka buɗe kasuwa, gobe yara goma za su shiga daji. In ka ga sheƙar ungulu, ɗauki hotonka daga nesa, amma kada ka bayyana wurin a Facebook. Ungulu ta yi ƙaranci, masu sayar da kanta don magani kuwa su ma suna da waya.

In ka je madatsar ruwan Dadin Kowa neman dorina, ka nemi manomin da ta cinye wa shinkafa, ka gaishe shi, ka nemi izininsa, ka ɗauki hoton gonar tasa. Hukuma na bukatar ganin duka biyun.

Ka tafi da haƙuri, ɗana. Ranar da dabba ta ƙi fitowa, ka dawo hannu wofi, ba abin kunya ba ne. Allah Ya kiyaye hanya.