Tiyatar Rage Ƙiba: Ire-irenta da Yadda Ake Zaɓen Wadda Ta Dace

Gabatarwa

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe ana ɗaukar ƙiba shaidar hutu da wadata. Idan amarya ta yi ɓul-ɓul sai a ce gidan miji ya karɓe ta, idan attajiri ya ajiye teɓa sai a ce kasuwa ta yi albarka. Har akwai masu shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe domin su ciko. To amma binciken likitoci ya tabbatar da cewa ƙibar da ta wuce kima cuta ce, ita ke share fage ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ita. Wannan maƙala za ta duba tiyatar da ake yi wa waɗanda ƙibarsu ta gagari rage abinci da motsa jiki, da abubuwan da ya kamata mazaunin Daura ko Ɓaure ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa ya auna kafin ya zaɓi iri ɗaya.

Wane ne ya cancanta?

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 110: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, idan aka raba 110 da 2.56 za a sami kusan 43. Daga 30 zuwa sama ne ake cewa ƙiba ta zama cuta. A shekarar 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka suka ƙayyade cewa tiyata ta dace da wanda ya kai 40, ko kuma 35 idan yana da wata cutar da ƙiba ta haifar. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ƙa'idar zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa.

Manyan ire-iren tiyatar

A yau yawanci ba a tsaga ciki. Ana huda ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar, a zura kyamara da siraran kayan aiki. Ire-iren da suka fi shahara guda uku ne.

Na farko shi ne yanke tumbi. Ana cire kimanin kashi 80 cikin 100 na tumbin, a bar wani siririn ɓangare mai siffar ayaba. Abinci kaɗan ke cika shi. Bugu da ƙari, ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999. Wannan iri shi aka fi yi a duniya a yanzu. Abin da aka yanke ba ya komawa, kuma aikin yakan haddasa ƙwannafi ko ya tsananta shi.

Na biyu shi ne tiyatar kewaye, wadda likitoci ke kira baifas, kamar dai titin da ke kewaye gari. Dakta Edward Mason na Jami'ar Iowa ta Amurka ne ya fara yin ta a 1966. Ana ware wata 'yar jaka daga saman tumbi, wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci yana tsallake sauran tumbin da farkon hanji, don haka mutum yana cin kaɗan, jiki kuma yana tsotsar kaɗan daga abin da aka ci.

Na uku shi ne ɗaure tumbi da zobe, wanda ake iya matsewa ko sassautawa da ruwan gishiri ta wata kafa da ke ƙarƙashin fata. Ba a yanke komai, kuma ana iya cire zoben. Ya yi tashe bayan da Amurka ta amince da shi a 2001, daga baya aka ja baya da shi, saboda yakan zame ko ya ci jikin tumbi, har a sake tiyata.

Abin da bincike ya nuna

A 1987 aka fara wani babban bincike a ƙasar Suwidin, inda aka bi diddigin mutum fiye da 4,000 masu ƙiba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna cewa bayan shekara 10 waɗanda aka yi wa kewaye sun zauna a kan ragin kashi 25 cikin 100 na nauyinsu, masu zobe kuwa kashi 14. Haka kuma mace-mace sun ragu tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata. Wani binciken da aka yi kan masu ciwon sukari 150 a birnin Kiliflan na Amurka ya nuna a 2017 cewa bayan shekara 5 sukari ya daidaita ga kashi 29 cikin 100 na masu kewaye, da kashi 23 na masu yanke tumbi, da kashi 5 kacal na waɗanda suka tsaya kan magani.

Daga nan za a fahimci cewa cutar da mutum ke ɗauke da ita tana da babban tasiri a zaɓi. Mai ciwon sukarin da ya daɗe, ko mai ƙwannafi mai tsanani, kewaye ya fi dacewa da shi. Wanda ba ya iya rabuwa da magungunan ciwon gaɓoɓi irin su ibufurofen da dikulofenak kuwa, kewaye haɗari ne gare shi, domin suna haifar da gyambo a mahaɗar tumbi da hanji.

Rayuwa bayan tiyata a ƙasar Daura

Asibitocin da suka ƙware kan wannan aiki a Nijeriya ƙalilan ne, galibinsu masu zaman kansu a Legas da Abuja, wasu majiyyata kuma sukan tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya. Ke nan likitan da ya yi aikin yana can nesa, majiyyaci yana gida. Daga Daura zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina kimanin kilomita 80 ne, zuwa na Malam Aminu Kano kuwa ya haura 100. Wajibi ne tun kafin tafiya a san likitan da zai riƙa duba mutum a kusa, da inda za a garzaya idan zazzaɓi ko bugun zuciya ko amai ya taso a makonnin farko, domin suna iya zama alamar ɗinki ya yoye.

Sai batun abubuwan gina jiki. Farkon ƙaramin hanji, wanda kewaye ke tsallakewa, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Saboda haka dole a sha ƙwayoyinsu tare da bitamin B12 da D har iyakar rai, a kuma riƙa gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai yanke tumbi ma yana buƙatarsu, sai dai haɗarinsa bai kai na mai kewaye ba. Wanda ya yi sakaci zai gamu da ƙarancin jini da raunin ƙashi da lalacewar jijiyoyi. Mace mai niyyar haihuwa za ta jira wata 12 zuwa 18 kafin ta ɗauki ciki.

Cimaka ma takan sauya. Malmalar tuwo ɗaya ta fi ƙarfin sabon tumbi, don haka ana fara ci da ƙwai ko wake ko kifi ko nama, a tauna sosai. Fura mai sukari da kunun zaƙi da lemon kwalba sukan zarce cikin hanjin mai kewaye gaba ɗaya, sai jiri da gumi da gudawa su biyo baya. Ruwa kuwa kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan, kimanin lita 1.5 a yini, ba a haɗa shi da abinci. A bazarar Daura, inda zafi kan haura digiri 40, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Azumin da ya zo a watannin farko bayan tiyata yana buƙatar shawarar likita da ta malami tun kafin a sa ranar aikin.

Kammalawa

A ɗauki mutum biyu masu ma'auni 43. Ɗaya ma'aikaci ne a cikin garin Daura, shekararsa 10 da ciwon sukari, ga ƙwannafi, kuma yana da halin zuwa Katsina gwaji. Kewaye ya fi kusa da buƙatarsa. Ɗayar kuwa matar aure ce a wani ƙauyen Ɓaure, ba ta da sukari ko ƙwannafi, tana son ƙarin haihuwa, kantin magani yana da nisa. Likita zai fi karkata ga yanke tumbi, ko ma ya fara gwada abinci da magani, irin allurar semagulutayid da aka amince da ita don rage ƙiba a 2021. Ma'auninsu ɗaya, zaɓinsu daban. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a sayi tikitin jirgi, sai a lissafa kuɗin bitamin da gwaji da mota na shekaru masu zuwa, a kuma tambayi likita sau nawa ya taɓa yin aikin da yake ba da shawarar a yi.