Karsana mai haihuwar fari da sanyin hunturu

Makon jiya, bayan sallar asuba, wani Alhaji mai 'yar gona a bayan Zariya ya kira ni: "Likita, karsanar nan ta haihu, amma ɗan ya ƙi tashi." Na tarar da maraƙin yashe a tsakiyar garke, kan danshin kashi da fitsari, iska na kaɗa shi. Na sa yatsa a bakinsa, sanyi ƙalau, ko harshe bai motsa ba. Ma'aunin zafi bai kai 36 ba, alhali lafiyayyen maraƙi kusa da 39 yake.

Labarin ya riƙa fitowa guntu-guntu. Bunaji ce ƙarama, aka yi mata barbarar allura da irin Firiziyan tun ba ta cika jiki ba, don Alhaji na son madara. Naƙuda ta kama tun la'asar, ba wanda ya neme ni. Da magariba yaron garken ya ɗauko wani mai tallan magani a kasuwa, ya danna mata oksitosin ba tare da ya sa hannu ya ji kwanciyar ɗan ba. Daga nan aka ɗaura igiya, ƙarti suka yi ta ja. Cikin tsakar dare ɗan ya fito da rai, uwar ta yage, ta zabura ta koma ƙarshen garke, ko lasarsa ba ta yi ba. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ya je ya ja bargo. Abin da ya fi ƙona mini rai, kafin in iso yaron ya tatse dakashin ya zubar, wai ya yi kauri ya yi rawaya, ƙazanta ce!

Mun goge shi da buhu, mun ɗumama shi, na zura masa ɗan abin da ya rage a hantsar. Kafin azahar ya mutu.

Karsana ba ta san haihuwa ba, dole a kwana a kanta. Ta yi awa biyu tana yunƙuri ɗan bai matso ba, a kira likita, ba mai allura ba. Maraƙi jiƙaƙƙe ba ya kwana a iska.

Zana nawa take? Ku kare gefen da iska ke fitowa, ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ku ware uwa da ɗa su kaɗai har su saba. In ta ƙi shi, a ɗaure ta a riƙe masa nono ya sha. Dakashi ya shiga cikinsa a awa shida na farko, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa; bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar garkuwar da ke ciki, ko ƙwarya guda aka ba shi. Wanda sanyi ya kama har ya kasa tsotso, kada a ɗura masa da kwalba, huhu zai tafi. A fara ɗumama shi.

Cibiya a tsoma ta a aidin. Uwar kuwa, a fara ba ta harawa da angurya tun watanni ukun ƙarshe na ciki, ba ranar da ta kwanta ba. Mabiyiya in ta maƙale, ban yarda a ja ba, balle a rataya mata dutse.

Kuma don Allah a gaya wa yaran garke, da babbar murya, ba a zubar da dakashi.