Tambaya ta Takwas: Abin da Likitan Mafitsara Yake So Ya Ji Daga Bakinka

Idan ka ce wa dattijo, "Baba, yaya jiki?" zai ce maka, "Da sauƙi," ko da daren jiya bai runtsa ba, ko da sau shida ya tashi fitsari. Wannan amsa tana da kyau a ƙofar gida. A ɗakin likita kuwa tana iya sa mutum ya koma gida da ciwonsa yadda ya zo da shi.

Wannan darasi a kan wahalar fitsari ne ta maza masu shekaru, da irin tambayoyin da likitan mafitsara yake yi kafin ya ba da magani. Za mu ɗauki misalinmu daga Tamanrasset, babban garin kudancin Aljeriya, domin gidaje da yawa a ƙasar Damagaram, da Maradi, da Tawa suna da wani nasu a can. Wasu sun tafi cin rani, wasu fatauci, wasu sun zauna har furfura ta same su. Wanda ke nesa da gida ya fi kowa ɓoye ciwo, don ba ya so a ce ya gaza.

Inda wahalar take farawa

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙululu mai kamar girman goro, likitoci suna ce masa furostat. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta bi. Idan mutum ya manyanta, ƙululun yakan ƙara girma, ya matse hanyar kamar an taka tiyo da ƙafa. Kusan rabin maza masu shekara 60 suna da wannan kumburi. Yawancinsa ba daji ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma ciwon sanyi ba ne.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: girman ƙululun da yawan wahalar ba su cika tafiya tare ba. Wani nasa ya yi girma ƙwarai amma yana barcinsa lafiya. Wani nasa kaɗan ya ƙaru amma ya rasa sukuni. Na'urar hoto za ta nuna wa likita girman abin, awon jini zai nuna masa lafiyar ƙoda. Amma babu na'urar da za ta gaya masa cewa ka daina zuwa kasuwa don tsoron jiƙa wando. Wannan sai daga bakinka.

Tambayoyi bakwai da ɗaya

A shekarar 1992 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta fitar da takardar tambayoyi bakwai. Daga baya aka karɓe ta a ƙasashen duniya da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya, aka ƙara tambaya ɗaya a ƙarshe. Likitoci suna kiran takardar IPSS. An fassara ta zuwa harsuna da dama, har da Faransanci da Larabci, waɗanda su ne harsunan aikin asibiti a Aljeriya.

Tambayoyin bakwai duk a kan wata ɗaya ne da ya wuce. Ko bayan ka gama kana jin da saura a ciki. Ko kana komawa kafin awa biyu ta cika. Ko fitsarin yana yankewa yana dawowa. Ko idan ya matse ka ba ka iya riƙewa. Ko yana fita ba ƙarfi. Ko sai ka yi yunƙuri kafin ya fara. Sannan sau nawa kake tashi tsakanin kwanciya da wayewar gari. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 5, jimla 35. Daga 0 zuwa 7 abu ne mai sauƙi, 8 zuwa 19 matsakaici, 20 zuwa 35 mai tsanani.

Ta takwas daban take, kuma ba a haɗa makinta da na sauran. Likita zai ce ka ɗauka yadda fitsarinka yake yau haka zai zauna har ƙarshen rayuwarka, yaya za ka ji? Amsar tana tafiya daga 0, wato farin ciki sosai, zuwa 6, wato abin ba ya jurewa. Likitoci da yawa wannan amsa suka fi dubawa, domin ita ce take nuna ko lokacin magani ya yi.

Mutum biyu, maki ɗaya

A ɗauki misalin mutum biyu a Tamanrasset, kowane ya sami maki 15.

Na farko yana da rumfa a kasuwa, gidansa kusa, bayan gida yana cikin gidan. Yana tashi sau biyu da dare, ya koma barci. A tambaya ta takwas ya ce abin bai dame shi ƙwarai ba. Idan awo ya nuna ƙodarsa lafiya, likita zai iya cewa kada ya sha komai tukuna. Ya rage shayi da yamma, ya yi fitsari kafin ya kwanta, ya dawo a sake dubawa. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kuma ba rowar magani ba ce.

Na biyu direba ne, ko mai bin kaya a babbar mota. Daga Tamanrasset zuwa In Gezzam, bakin iyakar Nijar, kusan kilomita 400 ne, sannan Asamaka, sannan Arlit, sannan Agadas. Ba zai yiwu ya riƙa tsai da mota kowace awa ba, sai ya ƙi shan ruwa tun safe. A cikin hamada wannan dabara ce mai haɗari: fitsari yana kauri, yana ƙara zafi, tsakuwar ƙoda tana samun wurin zama. Da dare yana kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas, bayan gida a waje. Garin yana kan tudu a duwatsun Hoggar, fiye da mita 1,300 sama da teku, kuma sanyin darensa a watan Janairu ba wasa ba ne. Kowane tashi sai ya tsallake mutane, ya fita cikin sanyi. Gari ya waye yana gyangyaɗi a kan sitiyari. Wannan mutum amsarsa 5 ce ko 6, kuma likita ba zai ce masa ya je ya jira ba.

Akwai kuma abin da takarda ba ta tambaya, amma likita mai hankali zai so ya ji. Wani ɗigon fitsari yana ɓata masa tsarki, yana maimaita alwala har ya daina zuwa jam'i. Wani ya koma zama a bencin baya a majami'a don ya iya fita kafin a gama wa'azi. Wani ya ƙaurace wa iyalinsa bai gaya mata dalili ba, ita kuma tana zaton wani abu dabam. Ka faɗi waɗannan. Su ne nauyin ciwon na gaskiya.

Don me likita ba zai ba kowa magani ba kawai?

Domin kowane magani da nasa kuɗin da jiki yake biya. Akwai ƙwaya mai suna tamsulosin da ke sassauta bakin mafitsara. Tana aiki cikin 'yan kwanaki, amma tana iya sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri, abin lura ga mai hawa gini ko mai tuƙi. Wanda za a yi wa aikin yanar ido kuma dole ya gaya wa likitan ido yana shan ta. Akwai finasteride da ke rage girman ƙululun, amma sai an yi kamar wata shida ana sha kafin a ga amfaninsa, kuma yakan rage wa wasu sha'awa. Akwai aiki, ko ta hanyar fitsari da na'ura ko ta yanka a mara. Aiki yana buɗe hanya sosai, amma bayansa maza da yawa maniyyinsu yana komawa cikin mafitsara maimakon ya fito. Ga dattijon da ya gama haihuwa wannan ƙaramin abu ne. Ga mai amarya da ke neman ɗa, babba ne. Likita ba zai san wane ne kai a cikin biyun ba sai ka faɗa, kuma ya fi kyau a yi maganar kafin aiki.

Bayan an fara magani za a sake yi maka tambayoyin. Idan jimlar ta sauka da maki 3 ko fiye, yawanci mutum yakan ji canji a jikinsa. Idan maki ya sauka amma amsar ta takwas tana nan inda take, to ba a taɓa abin da ya fi damun ka ba, sai a sake shawara.

Idan ba ka karatu, ko ba ka jin harshen likita

Wannan ita ce babbar matsala ga mutanenmu a Tamanrasset. Takardar an yi ta ne don mutum ya cike da kansa, kuma ko masu boko wasu tambayoyin suna ruɗa su. Saboda haka likitoci a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu suka yi wata ta hotuna, aka buga bayaninta a 2011. Hoto huɗu ne: yawan fitsari da rana, yawan tashi da dare, nisan da fitsari yake zuwa, da fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka. Kana nunawa da yatsa. Ba kowane asibiti ke da ita ba, amma ko babu, za ka iya nuna wa likita da hannu inda fitsarinka yake sauka.

Sai maganar tafinta. Kada ka tafi da ɗanka na fari ko surukinka. Kai ba za ka iya faɗa ba, shi ba zai iya maimaitawa ba, likita kuma zai ji "da sauƙi" kawai. Nemi tsaranka wanda kuke wasa da shi, mai jin Larabci ko Faransanci, mai riƙe amana. Ka ce masa ya faɗi abin da ka ce, kada ya gyara.

Kuma kada ka dogara da tunani wajen ƙidaya. Kwana uku kafin zuwa asibiti ka ajiye gwangwani kusa da shimfiɗa, duk tashi ka jefa ƙwallon dabino ɗaya, da safe ka ƙirga. Ka lura da kofin shayi nawa kake sha bayan la'asar. Shayin Buzaye mai zagaye uku yana da daɗi, amma yana tsokanar mafitsara. Idan kana tare da iyali, tambayi uwargida. Sau da yawa lissafinta ya fi naka daidai, tun da ita ma kana tashin ta.

Mata ma haka abin yake. Wadda fitsari ke zubo mata idan ta yi tari ko ta ɗauki tulu, ko mai yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, likita zai tambaye ta zane nawa take canjawa a yini, da ko ta daina zuwa biki. Ta amsa dalla-dalla, tana iya neman a sa mata ma'aikaciya mace a ɗakin.

Inda ba a jiran tambaya ta takwas

Akwai alamun da ko ka ce ba su dame ka ba, likita ba zai bar ka ba. Idan fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, ka tafi asibiti a wannan sa'ar a sa maka roba. Kada ka tsaya shan jiƙo, kada ka hau mota da nufin sai ka isa gida. Maganin mura da tramol suna iya jawo wannan tsayawar ga mai kumburin furostat, haka ma riƙe fitsari na dogon lokaci a mota.

Idan ka ga jini a fitsari, ko sau ɗaya, ko babu zafi, ka je a duba. Da yawanmu mun yi tsargiya muna yara saboda wanka a tafki, har muna ɗaukar jinin ba komai ba. Tsargiyar da ta daɗe tana iya lalata mafitsara, har ta kai ga daji. Haka nan zazzaɓi da rawar ɗari tare da zafin fitsari, ko kumburin ƙafa da kasala, ko ka fara jiƙa shimfiɗa cikin barci alhali da ba ka yi. Wannan na ƙarshe yana iya nuna mafitsara ta cika ta tumbatsa, fitsari yana danne ƙoda a ɓoye ba tare da wani ciwo ba.

Idan an duba ka a Tamanrasset kuma za ka dawo gida, ka roƙi a rubuta maka makinka biyu, na bakwai ɗin da na takwas, tare da sunan ƙwayar da kake sha da ranar da ka fara. Ka riƙe kwalin maganin ko ya ƙare. Ka sa takardun a leda saboda ƙura, ka kawo su ranar da za ka zo asibiti a nan.