DARASI: KIWON KIFI DA AMANAR BAKIN TEKU

Littafin Farawa 2:15 ya koya mana cewa aiki biyu Allah ya ɗora wa Adamu a gonar Adnin: noma da kuma tsaro. Darasinmu zai auna kiwon kifi da wannan ma'auni, ta wurin abin da ya faru a Filifin, ƙasar tsibirai wadda yawancin mutanenta Katolika ne.

A bakin tekun ƙasashe masu zafi akwai wani kurmi da ke tsirowa cikin laka da ruwan gishiri, ana ce da shi mangurof (kada a rikita shi da mangwaro). Cikin saiwoyinsa 'ya'yan kifi da ƙaguwa da jatan lande suke ɓuya har su yi ƙwari su fita teku. Saiwoyin nan kuma su ne ke riƙe ƙasa, suna karya ƙarfin raƙuman ruwa. A shekarar 1918 Filifin tana da wajen hekta 450,000 na wannan kurmi. Kafin 1994 saura kimanin 120,000 kawai. Kaso mai yawa an sare shi ne domin a haƙa tafkunan kiwon kifin da suke kira bangus, daga baya kuma na jatan lande. Hukuma da kanta ta ƙarfafa aikin, tana ba da hayar bakin teku ta shekara 25.

Tafkunan sun ba da abinci, sun kawo kuɗi, ba mai musun haka. Amma sai mu tambaya: na wane ne kurmin kafin a sare shi? Na kowa ne. Matalaucin masunci yakan shiga ya kama abin miya, matarsa ta tsinci itacen wuta, ba mai hana su. Da aka kewaye wurin da ganuwa, sai ya zama na mai jari shi kaɗai, kifin teku kuma ya ragu domin an rushe masa makwanci. A ganina nan ne babban laifin yake, gama Ikilisiya tana koyar da cewa Allah ya nufi albarkatun duniya domin dukan mutane. A 1988 bishop-bishop na Filifin suka fitar da wasiƙar makiyaya a kan lalacewar ƙasarsu. A 2015 kuma marigayi Paparoma Francis ya ambaci bacewar irin wannan kurmi cikin wasiƙarsa Laudato Si', bayan ya ziyarci birnin Tacloban, inda guguwar Haiyan ta yi ɓarna a 2013, ta kashe mutum fiye da 6,000 a ƙasar.

Maganin ba barin kiwon kifi ba ne. Wata masaniya 'yar ƙasar, Jurgenne Primavera, ta ba da shawara cewa kowace hekta ɗaya ta tafki a bar mata hekta huɗu na kurmi, domin itatuwan su tace dattin da ke fitowa daga tafkin. Dokar kamun kifi ta 1998 ta umurta a mayar da tafkunan da aka yi watsi da su kurmi, ko da yake aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. A garin Leganes na lardin Iloilo an gwada, kurmin kuwa ya komo. Wasu masunta ma suna kiwon ƙaguwa cikin shinge a ƙarƙashin itatuwan, ba tare da sare ko ɗaya ba.

Kurmin mangurof mafi girma a Afirka yana Neja Delta, kuma daga bakin tekun nan ake kawo mana kirfish ɗin da matanmu ke sa wa miya. Ƙungiyoyin zumunta su tattauna wannan a taronsu na gaba: a ƙauyenmu, wace fadama ko tafki ne dā na kowa, yau kuwa a hannun wa yake?