Giya Ta Lalace, Dillali Ya Ce Ba Ruwansa

Tambaya: Na sayi Corolla 'yar Kwatano wajen wani dillali a Azare, ya yi mini garantin wata uku da baki. Sati biyu kacal giya ta fara fizga, ya ce ba ruwansa. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Ka ajiye motar tukuna, kada ka hau titin Potiskum ko na Kano da ita. Kuma kada bakanike ya kwance giyar kafin dillalin ya gani da idonsa, don in aka buɗe zai ce ku kuka ɓata. A dai duba man giya, a goga a farin tsumma. In ja ne, da sauƙi. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, da wuya sati biyu ya kai shi haka, alamar ciwon ya riga cinikin. A sa kwamfuta ta duba, ka ɗauki hoton sakamakon.

Alkawarin baki shaida yake so. Su wa ke wurin ranar cinikin? Ka nemo su yau, tare da rasit. A fikihun Malikiyya, mai saye na da damar mayar da kaya idan aibin tsoho ne aka ɓoye masa.

Ka fara da shugabannin masu sayar da motoci, domin dillali na jin nauyin abokan sana'arsa. In ya ƙi, akwai kotun shari'a a Azare, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa.