DANDALI NA KOWA NE: DARASI A KAN WASANNI DA AL'ADUN KYAUTA, DAGA MISALIN NUKKAI TA JALINGO

Gabatarwa

A kowane gari na ƙasar nan akwai abubuwan nishaɗi iri biyu. Akwai wanda sai an yanki tikiti a bakin ƙofa, kamar gidan silima da gidan kallon ƙwallo. Akwai kuma wanda ake yi a fili, a ƙofar fada ko a dandalin unguwa ko a filin makaranta, inda mai kuɗi da talaka ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya biya ko sisin kwabo. Wannan darasi a kan iri na biyun yake. Manufarsa ita ce a fahimtar da jama'a amfanin waɗannan wasanni, da yadda suke gudana, da abin da ke neman kashe su, da kuma abin da mutanen unguwa za su iya yi da kansu domin kada su ɓace. An ɗauki Nukkai, wata unguwa ta Jalingo, a matsayin misali, amma darasin ya shafi kowane birni a Nijeriya.

Nukkai da Jalingo

Nukkai tana gefen Jalingo ne, a kan hanyar da ta fita zuwa Wukari. Ita kuwa Jalingo, Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a shekarar 1893, bayan yaƙin da ya yi da Jukunawan Kona a 1892, wanda wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya taimaka masa da manyan bindigogi. Daga nan garin ya zama mazaunin Sarkin Muri. A zamanin mulkin soja garin ya shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sa'an nan Jihar Gongola a 1976. Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Taraba, aka mai da Jalingo babban birninta.

Tun daga wannan lokaci mutane suka yi ta kwararowa, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, musamman bayan da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008. Garin ya faɗaɗa har ya haɗe da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ana ƙiyasta cewa akwai ƙabilu kimanin 80 a jihar. Saboda haka a unguwa irin Nukkai ba abin mamaki ba ne a tarar da Bajukune da Bafillace da mutumin Mumuye da Bahaushe da Tibi suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, yawancinsu kuma da Hausa suke magana da juna. Zuriyar waɗanda suka yi yaƙi da juna a 1892 yau maƙwabta ne. Irin wannan zama yana bukatar wurin da za a riƙa haɗuwa ba don ciniki ko gardamar siyasa ba. Wurin nan shi ne dandali.

Ire-iren wasannin da ake kallo kyauta

Za a iya kasa su kashi huɗu.

Na farko, bukukuwan shekara. A ranakun Salla jama'a kan taru su ga hawan Sarkin Muri, da dawakai da 'yan algaita da makaɗa. A lokacin Kirsimeti ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u da na zumuntar mata kan fito da waƙoƙi a harsuna dabam-dabam. A watan azumi kuwa, daga daren goma, yaran Hausawa kan zaga gidaje da wasan tashe, suna kwaikwayon halayen manya don ba da dariya da jan kunne.

Na biyu, bukukuwan ƙabilu. Fulani suna da sharo, inda samari ke nuna juriya. Mumuye na Zing da Yorro suna da raye-rayen murnar amfanin gona. Kutep na Takum suna da bikin Kuchicheb, Jukunawan Wukari suna da Puje, a Ibi kuma akwai bikin kamun kifi na Nwonyo, wanda aka farfaɗo da shi a 2024 bayan ya daɗe ba a yi ba. 'Ya'yan waɗannan ƙabilu da ke zaune a Jalingo sukan zo da kiɗansu da rawarsu wurin bikin aure da naɗin sarauta da tarukan ƙungiyoyinsu, wanda duk ya zo wucewa kuwa ya tsaya ya sha kallo.

Na uku, wasannin motsa jiki da na dabara, watau kokawa bayan kaka, da langa ta samari, da gaɗa ta 'yan mata a farin wata, da dara wadda dattawa ke yi a gindin bishiya da 'yan ramuka a ƙasa.

Na huɗu, fasahar baki da ta hannu, watau tatsuniya da kacici-kacici da karin magana, da kuma sassaƙa da ginin tukwane da saƙar tabarma da zanen ƙwarya, waɗanda yaro ke koya ta wurin zama kusa da mai yi.

Ya kamata a lura da abu guda. Ba kowace al'ada ce ta dandali ba. Wasu ƙabilu suna da dodanni da tsare-tsaren da ba a yarda baƙo ya gani ba. Waɗannan na masu su ne, ba a tilasta musu su fito da su, ba a kuma ɗaukar hotonsu a ɓoye.

Wa ke ɗaukar nauyin abin kyauta?

Mutane da yawa sukan ɗauka cewa abin da aka ce kyauta ne ba shi da tsada. Wannan kuskure ne. Fatar ganga saye ake yi, makaɗi yana da iyali, wanda ya share fili ya ɓata lokacinsa. Abin da ya sa mai kallo bai biya a ƙofa ba shi ne an riga an raba nauyin a kan mutane da yawa. Sarki ko mai unguwa ya ba da fili da izini. Samari sun yi shara sun jera kujeru. Mata sun kawo ruwa da abinci. Masu hali sun yi wa makaɗa kyauta a bainar jama'a, makaɗa kuma sun rama da kirari. Wanda ba shi da ko anini ya ba da tafi da guɗa, shi ma ya ba da nasa.

Wannan tsari yana da ƙarfi muddin mutane sun san juna. Idan gari ya girma, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba, sai kowa ya zuba ido yana jiran wani ya yi. A nan ne wasa ke tashi daga dandali ya koma cikin shinge. Dambe misali ne. A da mahauta kan zaga garuruwa da kaka su yi shi a fili, amma a manyan birane yanzu galibi sai an biya kuɗin shiga. Ba laifi ba ne ɗan wasa ya ci abinci da sana'arsa. Illar ita ce, idan duk wasanni suka koma haka, ɗan talaka zai tashi bai taɓa ganin al'adar iyayensa da idonsa ba.

Abin da Gwamnatin Tarayya ta yi

Bayan yaƙin basasa, a 1970, aka fara Bikin Fasaha da Al'adu na Ƙasa, wanda aka fi sani da NAFEST, domin a sake haɗa kan 'yan ƙasa ta hanyar kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke tura matasa jihohin da ba nasu ba. A 1975, da Doka mai lamba 3, aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa, wadda ke shirya bikin na ƙasa, jihohi kuma suka kafa nasu majalisun. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin baƙar fata na duniya, watau FESTAC, a Ikko, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. A 1979, da Doka mai lamba 77, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa. A 1988 aka ƙaddamar da Manufar Al'adu ta Nijeriya. Sashe na 21 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗora wa gwamnati alhakin kare al'adun ƙasar nan da bunƙasa su.

Duniya ma ta shaida darajar waɗannan abubuwa. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016, ta kuma sanya hawan daba na Kano a 2024. Dukansu biyu jama'ar gari ne suka raya su shekara da shekaru kafin wata hukuma ta zo. Watau gwamnati tana iya tallafawa, amma tushen yana cikin unguwa.

Abubuwan da ke barazana

1. Ɓacewar fili. Idan gari ya zama babban birnin jiha, ƙasa takan yi tsada. Filin da yara ke langa bana, baɗi sai a tarar an kafa masa harsashin shaguna. Filin da aka gine kuwa ba ya dawowa.

2. Ɓacewar harshe. Yaron da iyayensa ke jin Kona ko Mumuye ko Fillanci, shi kuwa bai iya ba, ba zai fahimci waƙar kakarsa ba. Idan tsohuwar ta rasu, waƙar ta tafi tare da ita.

3. Sayar da kayan tarihi. Sassaƙen Mumuye ya shahara a duniya, amma tun ƙarshen shekarun 1960 aka kwashe mai yawa daga cikinsa zuwa Turai da Amurka. Doka ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan ba tare da izinin hukuma ba. Wanda ya sayar da abin da ya gada daga kakanni ya ci kuɗin a wata ɗaya, jikokinsa kuwa sai dai su gan shi a hoto.

4. Shigar rigima. Wasan da aka mai da shi wurin zambo ga wata ƙabila ko wani addini ko wata jam'iyya, ko wurin shaye-shaye, iyaye za su hana 'ya'yansu zuwa, hukuma kuma za ta rufe shi.

5. Wayar hannu da talabijin. Waɗannan ba abokan gaba ba ne, domin da waya ake iya ɗaukar muryar tsoho a ajiye. Amma yaron da ya kwana yana kallon rawar wata ƙasa bai koyi taka ta gidansu ba.

Yadda unguwa za ta shirya wasanta

Ba sai an jira kasafin kuɗin gwamnati ba. Ga matakan da suka dace:

1. A fara da mai unguwa da limamai da shugabannin majami'u. A kafa ɗan kwamiti wanda kowace ƙabila da ke unguwar take da wakili a ciki, da mata da samari.

2. A nemi fili tabbatacce. Filin makarantar firamare ya fi sauƙin samu, da izinin shugaban makaranta da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Idan akwai filin jama'a, a nemi ƙaramar hukuma ta rubuta shi a takarda cewa na wasa ne.

3. A zaɓi lokaci da hankali. Rani ya fi dacewa, bayan an kai amfanin gona gida. A kauce wa lokacin salla da na sujada, a kuma tashi kafin dare ya yi nisa. Da damina a nisanci bakin kogi. Mutanen Jalingo ba su manta da watan Agusta na 2005 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka yi asarar rayuka masu yawa. Rigakafi ya fi magani.

4. A sanar da 'yan sanda tun da wuri. A ware wurin mata da yara da tsofaffi da naƙasassu a gaba, a tanadi ruwan sha mai tsabta.

5. A yi karo-karo gwargwadon hali, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta wa jama'a. Kuɗin da ba a bayyana lissafinsa ba shi ne ke kashe kwamiti. Kada a sa kuɗin shiga.

6. A ba kowace ƙabila lokacinta daidai wa daida, a sa wani ya bayyana ma'anar waƙa da rawa da Hausa domin kowa ya fahimta.

7. A sa yara a gaba. Kowane makaɗi ko masassaƙi ko mai tatsuniya ya zo da yaro ɗaya da yake koya wa. A ɗauki muryoyin tsofaffi da yardarsu, a ajiye a makaranta.

8. A sanar da majalisar al'adu ta jiha. Ta nan ne ƙungiyar da ta ƙware za ta iya samun wakiltar jiharta a bikin ƙasa.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da ya tsaya ya kalli rawar maƙwabcinsa, ya ji ma'anarta, ya yi dariya tare da shi, zai yi wuya a zuga shi ya ɗauki makami a kansa ran da wata jita-jita ta ɓulla. Saboda haka ana kira ga masu unguwanni da malaman makaranta da iyaye, a Nukkai da sauran unguwannin biranen ƙasar nan, su duba filin da ya rage musu tun kafin a gine shi, su kuma sa ranar wasansu na farko a ranin bana.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A wace shekara aka kafa Jalingo, a wace shekara kuma ta zama babban birnin Jihar Taraba?
2. Su wane ne ke ɗaukar nauyin wasan da ake kallo kyauta?
3. Waɗanne abubuwa biyar ne ke barazana ga wasannin dandali?
4. Wane wasa ne aka daina yi a unguwar mai karatu, kuma wane tsoho ne ya rage da ya san shi?